Tabo a Rigar Mama Idella

Shekara goma sha ɗaya rigar nan ta yi a saman durowar Mama Idella Tarver, kwance cikin dogon kwali, an lulluɓe ta da shuɗiyar takarda, don tsohuwar ta ce shuɗiyar takarda ce ke hana farin yadi yin ja. Da hannunta ta ɗinka ta tana da shekara tamanin, kafin ido ya ƙi ta. Fara ce ƙal, mai dogon hannu, irin wadda iyaye mata na coci ke sawa a wajenmu. Sai dai wannan ba ta zuwa coci ba ce, ta shiga kabari ce.

Duk wanda ya san Mama Idella ya san dalili. Tun tana 'yar shekara shida take aiki a gonar tabar mutane, a nan Amurka, gabashin jihar Carolina ta Arewa, danƙon ganyen yana manne mata a hannu baƙi ƙirin, sabulu ba ya fitar da shi sai an goga ɗanyen tumatir. Da ta bar gona ta koma wankau, ta yi shekara arba'in tana fitar da tabon wasu. Saboda haka ranar da ta gama ɗinkin sai ta kira 'yarta ta zaunar da ita.

"Vernell, buɗe kunnenki. Na gama da taba, na gama da datti. Fes zan je gaban Ubangijina. Hannunki da na mai shirya gawa, su kaɗai za su taɓa rigar nan. Kuma kada wani ya maƙala mini fure a ƙirji kamar saniyar da ta ci gasa. Kin ji ko?"

Vernell ta ce ta ji. Kowace shekara sai an sake maimaita mata, kowace shekara ta ce ta ji.

Ranar Talata Mama Idella ta cika. Mista Speight mai gidan jana'iza ya ce a kawo kayan ranar Juma'a kafin sha ɗaya na safe, don da ƙarfe huɗu za a buɗe akwatin gawa mutane su zo kallon ƙarshe. Motar Vernell ƙarama ce, kwalin ba ya shiga sai an karkata shi, ita kuwa ta rantse rigar ba za ta karkata ba. Sai aka fito da tsohuwar motar yayanta Cleophus, doguwa mai faɗin kujerar baya. Shi Clee ya daina tuƙi tun da ciwon suga ya taɓa masa ido, amma bai daina koya wa direba tuƙi ba.

"Rage gudu, Nell. Motar nan ta girmi ɗanki."

"Haba Yaya, yanzun nan fa tarakta ta wuce mu."

"To ki bar ta ta wuce. Ina za ta je da ba za mu je ba?"

Watan Yuli ne, ƙarfe goma saura amma kwalta har ta fara tiriri. Iska tana kawo warin tafkunan kashi na gidajen aladu, warin nan da ke shiga har cikin haƙori. Vernell tana duba madubi don ta ga ko kwalin ya motsa, sai ta ga shuɗiyar fitilar motar 'yan sanda tana walƙiya a bayanta.

Ta san abin yi. Tun da mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai a ƙarshen hanyar ƙasa, ta je ta zauna ajin awa takwas, aka ɗauki zanen yatsunta, aka ba ta lasisin riƙe bindiga. Malamin ajin ya sa sun haddace komai kamar karatun Lahadi: ka gangara gefe, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗi kana da makami kafin a tambaye ka. In aka ce za a caje mota, kana da ikon cewa a'a. Ta yi duka ɗaya bayan ɗaya. Da ta waiga, Clee ya riga ta: tun motar ba ta gama tsayawa ba ya shimfiɗa tafukansa a gaban mota, yatsu a bubbuɗe, ido a ƙasa. Dattijo mai shekara sittin da takwas, dikon, babban mai hidima a coci.

Ɗan sandan ya taho yana jan ƙafa. Farar fata ne, bai fi talatin ba, an rubuta Haskew a ƙirjinsa. Leɓensa na ƙasa ya yi tulu da garin taba, a hannunsa na hagu kuma gorar lemo ce, rabinta cike da abin da ba lemo ba. Kafin ya ce uffan sai da ya kai gorar baki ya tsartar. Vernell ta kau da kai.

"Barka da safiya, yallaɓai," in ji ta. "Doka ta ce in sanar da kai. Ina da lasisin riƙe bindiga, kuma tana tare da ni, cikin jakata, nan kusa da ƙafata."

"Ah, to! Madam da shirinta." Ya leƙo. "Wa za a harba da sassafen nan?"

"Ba kowa. Me na yi aka tsayar da ni?"

"Kin taka farin layi can baya. Sau biyu."

Ƙarya yake yi, kuma ya san ta san ƙarya yake yi. Matar da ke ɗauke da kwalin nan ko rami ba ta faɗa ba tun daga gida. Amma ta haɗiye. Ya ce zai riƙe bindigar har su gama, ta ce ya riƙe, wannan doka ta ba shi. Ya zaro ta daga jakar, ya zazzage harsasan, ya jera su a saman mota kamar mai tallan gyaɗa. Ya karɓi takardu ya tafi motarsa, ya yi zamansa cikin sanyi minti goma sha biyu. Vernell tana ƙirgawa a agogon hannunta.

Da ya dawo ya ce, "Komai daidai. Sai dai tunda akwai makami ɗaya, wa ya sani ko akwai na biyu? Bari in ɗan duba motar mu rabu lafiya."

"A'a, yallaɓai. Ban yarda a caje motar nan ba."

Muryarta ba ta yi rawa ba, har ta ji daɗin kanta. Ya dube ta, ya dubi takardar da ke hannunsa, ya yi wani ɗan murmushi da gefen bakin da babu taba. Sannan ya zagaya ta gaban mota, sannu a hankali, ya tsaya a tagar Clee.

"Baba, Cleophus Tarver kai ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ai motar taka ce, ba tata ba. Da kai ya kamata in yi magana tun farko. Kai dai na ga alama mutumin kirki ne, ba ka da abin ɓoyewa. In duba?"

"Yaya!" in ji Vernell. "Yaya, dube ni. Kana da iko ka ce a'a. Ka ce a'a kawai."

Clee bai dube ta ba. Ita Vernell an haife ta bayan azabar da ake gana wa baƙaƙen fata irinsu ta ɗan lafa, amma shi yana saurayi aka tsinci abokinsa a rami gefen wannan hanyar, kuma a makon ne Mama Idella ta tsayar da shi a kicin ta koya masa karatun da bai taɓa mantawa ba. In mai kaki ya tsayar da kai, babu a'a a bakinka. Ko takalminsa ya ce ka goge, ka goge, ka dawo mini da ranka. Da mari ta koya masa, tana kuka.

"Duba, ranka ya daɗe," in ji Clee. "Duba abinka."

"Na ce ban yarda ba!"

"Mai mota ya yarda, Madam. Ku fito ku tsaya can kan ciyawa."

Suka tsaya a rana, tururuwa na hawa ƙafarsu. Motoci suna rage gudu ana kallonsu, har da matar mai kiɗan cocinsu, wadda ta yi saurin kau da kai wai ita ba ta gani ba. Tir! Kafin azahar duk gari zai ji an ga 'ya'yan Mama Idella a gefen titi kamar ɓarayin kaji, uwarsu ko ƙasa ba ta shiga ba.

Haskew ya ajiye gorarsa a kan bonet ya shiga aiki. Ya zazzage aljihun gaban mota: allurar sugar Clee, littafin waƙoƙin coci, tsofaffin rasit, alewar na'ana'a da ta narke. Ya ɗaga tabarmin ƙafa. Ya buɗe but ya ƙwanƙwasa taya. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan kujera. Sai ya miƙe, ya sa babban yatsa da manuni cikin leɓensa, ya kwaso curin tabar nan baƙi jiƙaƙƙe, ya yarfar a kwalta. Ya shafa hannun sau ɗaya a cinyar wandonsa. Sannan ya buɗe ƙofar baya.

"Mene ne a kwalin nan?"

"Rigar gawa ce," in ji Vernell. "Ta mahaifiyarmu. Gidan jana'iza za mu kai. Don Allah bari in buɗe maka da hannuna, ka ga komai."

Ta ɗaga ƙafa ɗaya. Hannunsa ya sauka kan ƙugunsa.

"Tsaya inda kike. Ke da kika zo da bindiga ba ki matso mini."

Bindigar da ke saman mota ba harsashi, wadda ita da bakinta ta faɗa masa tana da ita! Clee ya riƙe mata gwiwar hannu, yatsunsa sanyi ƙalau a wannan zafin.

"To ka sa safar hannu. Ga ta nan a ɗamararka ina gani. Don girman Allah ka sa."

"Minti ɗaya ne, Madam."

Ya cire murfin. Ya yaye shuɗiyar takardar, ta yage. Ya kama rigar ta ƙirji ya ɗago ta sama, ya girgiza, wai ko wani abu zai faɗo. Ya bi kalmasa yana matsawa. Ya leƙa cikin farar hular da ke tare da rigar, ya zura yatsa cikin safar hannun tsohuwar ɗaya bayan ɗaya. Vernell ta ga mutane suna ƙazanta a rayuwarta, ta yi jinyar miji shekara uku ba ta taɓa toshe hanci ba, amma ba ta taɓa jin ƙyamar ɗan Adam kamar ta wannan safiyar ba.

Bai sami komai ba, da ma me zai samu? Ya cusa rigar cikin kwalin yadda ake cusa wanki a kwando, ya ɗora murfin a karkace. Ya saka bindigar a but, ya zuba mata harsasan a tafin hannu, ya miƙa mata takardar gargaɗi a kan farin layi.

"Ku yi haƙuri da rashin da aka yi," in ji shi, har da ɗan sunkuyar da kai. "Ni ma kakata ta rasu bara. Ku sauka lafiya."

"Mun gode, ranka ya daɗe," in ji Clee.

Sai da motarsa ta ɓace Vernell ta buɗe kwalin. Ga shi nan a ƙirji, ɓangaren hagu: shatin babban yatsa, ruwan ƙasa, ya fito raɗau har ana ganin zanensa. Ta juya yadin, ga sauran yatsun a baya. Ta kai hanci, ta janye da sauri. Taba ce. Duk duniya a rasa abin da zai taɓa rigar nan sai taba.

Suka hau hanya, suka yi mil uku. Sannan ta fashe.

"Kalma ɗaya, Yaya. A'a. Ko jariri ya iya ta."

"Nell."

"Da gemunka fari, da jikoki shida, yaron da ka haifi kamarsa ya ce maka mutumin kirki, har kana rawar jiki! Na tsaya na ce ban yarda ba, kai ka buɗe masa ƙofa."

"Muna numfashi ko ba ma numfashi?"

"Wannan ba zamanin da ba ne! Akwai doka!"

"Dokar tana ina lokacin da hannunsa ya sauka kan ƙugu? Na gani, ko da wannan idon nawa na gani." Ya juya yana kallon gonakin taba da ke wucewa, kore shar har iyakar gani. "Mama ce ta koya mini, Nell. Abin da ta ce in yi na yi."

Ta mayar da ido kan hanya. Haushin ya rasa kan wanda zai sauka.

A gidan jana'iza ta ƙi ba da rigar. Ta shiga bayan gida da ita, ta gwada duk abin da ta taɓa ganin uwarta na yi: ruwan sanyi, ruwan tsami, gishiri, farin ƙyalle ana dannawa ba a gogawa. Zanen yatsan ya tafi, amma tabon ya bazu, ya koma rawaya-rawaya, faɗin bakin kofi. Da Mama Idella ce da ta san abin yi. Wadda ta san abin yin kuwa tana kwance a ɗakin sanyi, bango ɗaya tsakaninsu.

Mista Speight ya ƙwanƙwasa a hankali. Mutum ne mai sanyin murya, ya binne rabin garin nan. Ya dubi tabon ta saman tabarau.

"'Yar'uwa Vernell, lokaci ya tafi. Ina da fararen riguna sababbi a leda, in kina so."

"Ta kanti? Matar da ta ɗinka tata da hannunta?"

"To sai fure. Farin fure na siliki, babba. Zai rufe shi tsaf, ba mai sani."

Vernell ta daɗe a tsaye da rigar a hannu. Ta tuna layin matan coci da za su zo da yamma, kowace ta sunkuya ta ƙare wa gawar kallo daga hula har safa, su da suka sha jin Mama Idella tana cika baki a kan rigar nan.

"Kawo," in ji ta. "Ni zan maƙala."

Da ƙarfe huɗu aka buɗe akwati. Mata suka yi ta wucewa suna fifita da mafici. "Kai, ta yi kyau! Kamar barci take." "Dubi furen nan, wa ya zaɓo? Vernell, kin fitar da uwarki kunya." Vernell tana amsawa da kai, kowane yabo yana sauka mata kamar an watsa mata ruwan wanke-wanke.

Washegari bayan wa'azi da waƙoƙi, aka kira iyali su yi kallon ƙarshe kafin a rufe. Clee ya sumbaci goshin uwarsa ya koma gefe yana share ido. Vernell ta sunkuya, ta kare akwatin da bayanta. Ta zare allurar da ke riƙe da furen, ta cire shi, ta dunƙule su a hannu. Tabon ya bushe, yana nan inda yake.

"Mama, biyu kika ce," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Ɗaya na iya."

Mista Speight ya gani. Ya sauke murfin da sauri.

A wajenmu in za a kai gawa maƙabarta, 'yan sanda ne ke raka jerin motoci. Sukan tare mararraba, duk mai tahowa ya gangara gefe ya tsaya, baƙar fata ne ya mutu ko farar fata. Al'ada ce mai kyau, Mama Idella ma tana sonta. Motar gawa tana gaba, motar iyali tana biye, Vernell da Clee a kujerar baya. Da suka iso babbar mararrabar, ga motar 'yan sanda an gitta ta a titi, ga ɗan sanda a tsaye ƙiƙam cikin rana, ya cire hula ya ɗora a ƙirji, kai a sunkuye.

Haskew ne. Ya wanke, ya goge kaki, takalmi na ƙyalli. Babban yatsan nan yana danne da bakin hular, daidai saitin zuciyarsa. Leɓen ƙasa ya yi tulu.

"Allah sarki," in ji matar Clee daga kujerar gaba. "Dubi yaron nan da ladabi. Har yanzu akwai masu tarbiyya."

Vernell ta ji hannun yayanta yana tashi daga cinyarsa, shi kaɗai, kamar ba shi ya aike shi ba. Ya ɗaga wa ɗan sandan hannu ta gilashi, alamar godiya. Ba ta hana shi ba. Ta ƙara matse furen, allurar ta shige mata tafin hannu, ta bar ta a ciki.

Da suka wuce ta waiwaya ta gilashin baya. Haskew ya jure har motar iyali ta gota shi. Sannan ya ɗan karkata kai gefe, hula na nan a ƙirji, ya tsartar a kan kwaltar da motar Mama Idella ta bi.